Iccen Kujerar Babanmu

Aikina yanzu ɗaukar kayan ɗaki ne. Ina da wata tsohuwar a-kori-kura da nake ajewa bakin layin kafintoci a Kankiya, duk wanda ya yi wa ɗiyarsa gado da kujeru sai a kira ni in kai mashi ƙauye. Na kai Rimaye, na kai Kusada, na kai garuruwan da sai ka sauka ka tura motar cikin yashi. Kayan suna da kyau, ba zan yi ƙarya ba. Ƙyalli kamar madubi, wani gadon har da fitila a jikinsa. Amma ni da nake ɗaurawa da saukewa na san abin da ke ciki. Garin katako ne aka kwaɓa da gam aka matse, aka lulluɓe da leda mai zanen icce. In igiya ta ɗan ci gefensa sai ka ga yana zubowa kamar dussa. In ruwan sama ya same mu a hanya, kafin mu isa ya kumbura kamar burodin da ya faɗa shayi. Ina zaune a inuwa ina jin yadda ake cinikin. Mai kaya ya zo, kafinta ya zaro waya ya nuna mashi hotuna, ya ce wane kala kake so. Tambayar ke nan, ta ƙare. Ban taɓa jin an ce wa zai zauna a kai ba, mai jiki ne ko siriri, ƙasan ɗakin siminti ne ko daɓe, akwai gara ko babu. Kuma ba na ganin laifin yaran nan. Wanda bai tashi ya ga icce a tsaye ba, me za ka ce ya zaɓa?

Mu mun gani. Lokacin da nake tasowa a Dudunni, in ka fita bayan gari ka nufi Bauranya, ba ka daɗewa cikin rana, wannan inuwa ta karɓe ka ta miƙa ka ga waccan. Ɗorawa, kanya, marke, ɗinya, tsamiya, ga gawo tsakiyar gonaki, ga maɗaci can bakin rafi ya fi kowa tsawo, in iska ta kaɗa kansa sai ka ji kamar ruwa ne ke tahowa daga nesa. Kowane icce da aikinsa, kuma yaro ƙarami ya san haka ba tare da an zaunar da shi an koya mashi ba. An san wanda ake ƙotar fartanya da shi, an san na allo, an san na akushi, an san wanda ko a murhu mata ba sa so don hayaƙinsa. Da hantsi in mata suka fara daka, kana bayan gari za ka iya faɗin turmin gidan wa ke amo. Turmin ƙirya ƙararsa can ƙasa take, a ƙirjinka kake jin ta. Na icce mai taushi kuwa fau-fau yake yi kamar ana dukan tabarma. Yau in na bi wannan hanya da mota, daga nan kana hango can, ba abin da ke tare maka ido sai darbejiya da iccen turare da aka dasa jiya-jiya. Daka ma injin niƙa ya karɓe ta. Garin ya yi shiru ta wani wajen, ya cika da ƙara ta wani wajen.

Ni ba masassaƙi ba ne, ban taɓa riƙe gizago da sunan sana'a ba, karatuna ma bai yi nisa ba. Abin da na sani game da icce a damina guda na koye shi, ko in ce a bazarar da ta gabace ta, shekarar da Babanmu ya kwanta.

Baba ƙaton mutum ne, manomi, mai shanun huɗa. In ya kama garma ya bi bayan shanunsa, huɗar kan fita miƙe kamar an ja zare, mutane kan tsaya bakin hanya su kalla. Ba ya da yawan magana, kuma ba ya son a taimake shi. Ƙarshen kaka yana ɗaure damin dawa sai ya durƙusa, bai tashi ba. Muka kai shi asibiti a Kankiya, aka yi abin da za a yi, muka dawo da shi gida ɓarin jikinsa na dama ya shanye, harshensa ya yi nauyi, kalma ɗaya sai ya yi fama kafin ta fito. Lokacin na yi aure har da ɗa guda a goye, ni ne babba a gidan. Sau ɗaya ni da ƙanena muka ɗauko shi a tabarma muka kai shi ƙofar gida, muka jingina shi da bango don ya sha iska. Mutane suka taru gaisuwa. Ana cikin haka sai jikin ya zame ta ɓarin da ya mutu, ya kife a ƙasa gaban kowa, yawu na zuba. Aka yi ca a kansa ana sannu, sannu. Ya rufe ido bai buɗe ba har muka mai da shi ɗaki. Daga ranar, duk wanda ya miƙa hannu zai ɗaga shi don a fita da shi, sai ya kai mashi duka da hagun nan tasa, kuma hagun da ƙarfinta. Ya juya fuska ga bango. Abinci ya koma sai an yi da gaske ya haɗiyi loma biyu, don ba ya son a ba shi a baki, ba ya kuma son a gan shi yana ci da hagu. Da bazara ta shigo ɗakin ya zama tanda, bayansa ya fara gyambo, ƙaton nan ya koma ƙashi da fata. Ba sai an gaya wa kowa ba, in bai tashi zaune ya fito waje ya ci abinci ba, ba zai ga shuka ba.

Sai na ce kujera zan sa a yi mashi. A raina kujerar manya nake gani, irin wadda na taɓa hangowa a zauren hakimi, babba, mai nauyi, jawur, wadda in mutum ya zauna ba wanda zai kalle shi da tausayi. Kuma muna da icce. A gonarmu ta fadama akwai wani maɗaci da sai mutum uku sun haɗa hannu suke zagaye shi. Na ce shi zan kayar. Ubana ya fi ƙarfin ƙaramin icce.

Masassaƙin da ke yankinmu a Bauranya yake, kuma ɗan gwaggon Baba ne, taubashinsa. Mu Kawu muke ce mashi. Ɗan tsamurmurin tsoho ne mai ido ɗaya da rabi, ya yi zaman birni yana saurayi ya koyo aiki da zarto ya haɗa da sassaƙar da ya gada. Na same shi ƙarƙashin rumfa yana fafe akushi, na gaishe shi na faɗi abin da ya kawo ni. Bai ɗago ba.

"Maɗacin fadama? Kai ka shuka shi?"

Na ce a'a.

"Uban naka ya shuka shi?"

Na ce shi ma tararwa ya yi.

"To ku bar shi inda kuka tarar da shi. In ka kayar da shi yau, sai ɗan nan naka na goye ya fara kai ma abinci gona kafin ya bushe. Ɗanye kuwa in na yi aiki da shi, tsagewa zai yi ya murɗe. Wancan ƙaton ragon da ke kwance zai jira ka?"

Na ce to a samo busasshen maɗaci ko nawa ne, ko daga Kankiya.

"Kai dai maɗaci. Ɗaura mani jaki. Ni ba na zaɓen icce ban ga mai zama ba."

Ya ɗora wasu guntayen itatuwa busassu a mangala muka taho. Ina tsammanin in ya shiga ɗakin zai yi irin ta kowa, ya rage murya ya yi addu'a ya fito yana girgiza kai. Sai ya yi sallama da ƙarfi ya tsaya kan Baba ya riƙe ƙugu.

"Kai bawana, ashe nan ka ɓuya? An ce mani ka mutu, na ɗauro jaki na taho rabon gado, ashe asarar tahiya na yi. Wannan wace irin rowa ce, mutuwar ma sai ka yi rabi ka bar rabi?"

Wata da watanni ba wanda ya yi wa Baba magana sai da lallashi. Na ga kafaɗarsa ta motsa. A hankali ya juyo da kai daga bangon, ya zuba wa Kawu ido, bakinsa na rawa. Ya daɗe yana kokawa da kalmar.

"Ɗan... banza."

Kawu ya tuntsure da dariya har da dafa gwiwa. "Alhamdu lillahi, bakin zagin bai shanye ba. Miƙo hannun nan in gani, ko shi ma na ado ne."

Abin da ya yi bayan nan shi ne har yau nake juyawa a raina. Bai auna komai da igiya ba. Ya ba Baba damtsensa ya ce ya danna da hagu iya ƙarfinsa, Baba ya danna don haushi har tsohon ya durƙusa. Ya sa ya taka ƙafar hagu a ƙasa ya ji ƙarfinta. Ya ɗaga rigarsa ya duba gyambon baya. Ya ja farce a cinyar dama, ya ga Baba bai ji ba, ya ce da ni, "Ka gani? Nan ko sartse ya shige shi, ko kuɗin cizo ya kwana yana sha, ba zai sani ba sai wurin ya ruɓe. Duk iccen da zai taɓa wannan ɓarin sai ya zama sumul, ba tsaga, ba rami." Ya durƙusa ya kankare gindin bango ya nuna mani hanyar gara. Ya fita ya bi tsakar gida yana kallon ƙasa, daga ƙofar ɗakin Baba har zaure, ya tsaya bakin zaure ya ɗaga kai ya dubi inda inuwa take faɗawa. Sannan ya juyo ya ce, wa ke juya shi da rana, wa ke tayar da shi in zai kama ruwa? Na ce mu ne. Ya ce ku da kuke fita aikin rani tun safe sai la'asar?

Inna ce, sai lokacin na tuna da ita. Ni ɗan fari ne. Inna ba ta faɗin sunana, ba ta kallona ido cikin ido, in tana son in yi abu sai ta faɗa wa bango ko ta aiko yaro. Haka muka tashi, haka kowane ɗan fari yake da uwarsa a lokacin, ba ƙiyayya ba ce, kunya ce. Don haka ban taɓa zama na tambaye ta yadda take yini da shi ba, ita kuma ko za ta mutu ba ni za ta gaya wa ba. Ina ta tunanin girman Baba, ita kuwa 'yar ƙaramar mace ce da ba ta kai kafaɗata ba.

Kawu ya koma wurin jakinsa. Ya sauke guntaye biyu daga mangala, kusan girmansu ɗaya, ya jefar da su daidai ƙofar madafa inda dole ta bi. Ya ja ni muka zauna gindin rumbu yana cin goro. Can Inna ta fito da ƙwarya a hannu. Ta sunkuya ta kama na farko, jan nan, ta ja, bai motsa ba sai kaɗan. Ta saki, ta dafa ƙugunta ta miƙe a hankali, na ga yadda ta cije leɓe. Ta kewaye shi. Na biyun, mai fari-fari, da hannu ɗaya ta ɗauke shi ta jingine da bango ta wuce abinta.

"To ka gani," in ji Kawu. "Wancan maɗacinka ne. Wannan ɗinya. Ta zaɓa."

Na ce amma Kawu, kujerar ta Baba ce.

"Shi zama zai yi. Ita ce za ta ɗauka. Ubanka ba zai yarda wani namiji ya sake ɗaga shi kamar buhu ba, na san shi tun muna tsirara. Da ƙafarsa zai fita ko ya mutu a ciki. Ƙafa ɗaya gare shi da hannu ɗaya, sun isa in akwai abin dafawa. Ita za ta matsar da kujerar gaba kaɗan, ya dafa ya ja jiki, in ya gaji ya zauna, ya huta ya sake tashi. In ka yi ta da maɗaci, ka kashe uwar ka bar uban a ɗaki."

Maɗacin fadama ya tsira daga hannuna ranar. Bai tsira daga injin yanka ba, bayan shekaru da gonar ta bar hannunmu. An ce mani yini ɗaya aka yi aka gama da shi. Ban je na gani ba.

Jikin kujera dai ɗinya, Kawu yana da busasshiya a rumfarsa da ta daɗe tana jiran aiki. Amma ɗinya gara na son ta, ga damina na tahowa ƙasa za ta jiƙe. Sai ya tambayi Inna ko akwai karyayyar taɓarya. Ta fito da wata ta ƙirya da ta karye tun ina yaro, tana danne kwandon kaji da ita. Ya ce wannan zai yanka gajeru-gajeru ya yi wa ƙafafun kujerar takalma, gara in ta ciji ƙirya haƙoranta za ta bari a wurin. Saura abu ɗaya, madafin hannun hagu, inda duk nauyin Baba zai sauka kullum in zai tashi. Ɗinya ba za ta ɗauka ba. Ƙirya ta yi nauyi, kuma in ta tashi karyewa ba ta gargaɗi. Marke yake so, wanda ke lanƙwasa kaɗan ya dawo. Marke kuwa ga shi nan birjik a daji, amma ɗanye. Busasshen da ke wurinsa duk ya tsattsage.

Sai ya ɗauki gizago ya shiga zagaya gidanmu yana ƙwanƙwasa duk wani icce da bayan ƙarfen. Ina biye da shi. Ya bugi turken akuya ya kara kunne, ya ce wannan cikinsa gari ne. Ya bugi azarar zaure, ya ce giginya, tsikarta za ta cinye mashi tafin hannu. Ya bugi ƙafar rumbu, ya bugi ƙyauren ɗaki, ya bugi ƙotar gatari. Kowanne sai ya rufe idonsa mai kyau ya saurara, ya faɗi sunan iccen, ya faɗi ko an sare shi da damina ko da rani, wani har ya ce wannan a tudu ya fito, wancan a bakin ruwa. Ni duk ƙwas-ƙwas nake ji. Gidan da aka haife ni a ciki, ashe kowane lungu magana yake yi ban taɓa ji ba. Muka shiga garken shanu. Can ƙarƙashin rumfa karkiyar Baba ce a rataye, iccen da ake ɗora wa shanu a wuya su ja garma. Ya buga ta sau ɗaya. Wannan ko ni na ji bambanci. Ƙarar ta fito siririya, ta daɗe ba ta mutu ba, kamar an taɓa ƙarfe. Kawu ya aje gizago. Ya sauke ta ya shafa inda wuyan sa ya goge shekara da shekaru, wurin ya yi baƙi yana sheƙi, ya ɗan lotsa daidai kwanciyar hannu.

Ya ce, "Rana ta busar, gumi ya shiga, shanu sun goge mani. Ko shekara zan yi ina aiki ba zan iya wannan ba."

Na ce Kawu, wannan kam a'a. Cikin 'yan kalmomin da Baba ke iya faɗi, kullum sai ya ce shanu. A ransa zai tashi ya yi huɗa bana. In aka sa wa karkiyarsa zarto, an gaya mashi ke nan ya gama.

"Ya gama ɗin ne ai. Kowa ya sani, shi ma ya sani, ku ne kuke ta ɓoye mashi kamar yaro. Amma ba ni zan yanke ba, ba kai ba. Mai ita yana nan."

Ya saɓa ta a kafaɗa ya shiga ɗakin ya aje ta a gefen hagun Baba. Ina tsaye bakin ƙofa. Baba ya kalle ta. Hannun ya tafi da kansa ya kwanta a kanta, yana bin ta daga wannan kai zuwa wancan. Kawu ya zauna a ƙasa, wannan karon ba dariya.

"Ɗan kawuna, ruwa ya kusa. Iccen nan ɗayan biyu ne. Ko ya hau wuyan shanu yaronka ya bi bayansu kai kana nan kana lissafin tsagar bango, ko ya shiga ƙarƙashin hannunka ka fita da ƙafarka. Karkiya zan sassaƙa wa yaro wata da ɗanyen marke, shanu ba ruwansu. Kai ne ba ka da lokacin jiran icce ya bushe. In ka ce a'a, in mai da ita inda na ɗauko ta in hau jakina."

Baba ya daɗe hannunsa a kan iccen, har na ce a raina zai juya wa bango ne. Hawaye ya gangaro ta idon daman nan da ba ya rufuwa sosai. Sai na ga ya buɗe tafin hannu yana auna iccen da taƙi, daga inda ya lotsa zuwa gaba. Ya tsaya. Ya kafa farcen babban yatsa ya ja layi.

"Nan," in ji shi. Ya numfasa. "Kar... ka... karkace."

"Ji mani mutum," in ji Kawu yana share hanci da hannun riga. "Yana kwance yana koya mani yanka."

Bai koma Bauranya da aikin ba. Ya aika aka kwaso mashi kaya, ya kafa wurin aikinsa a bayan ɗakin Baba, daidai tagar. Ya ce nan inuwa ta fi, amma duk mun san dalili. Tun safe gizago ke sauka a kan ɗinya, tif-tif, taushi-taushi, ɓawon na tashi fari yana ƙamshi. In ya koma kan ƙirya sai ƙarar ta canza, zarto na kuka, tsohon na tsinuwa. Ƙusa ko ɗaya bai sa ba, ya ce ƙusa tana tsatsa ta yagi fatar da ba ta ji. Ƙarfe yake sawa a wuta ya huda rami, hayaƙi ya tashi, ya fere bakin wani iccen ya cusa ya buga har su kama juna. Ɓangaren dama ya ɗaga shi sama ya ɗan lanƙwaso shi ciki don ya tare kafaɗar da ke zamewa. Mazauni da majingina igiyar rama ya saƙa don iska ta riƙa shiga bayan. Ya goge ko'ina da wani ganye mai kaushi, ya bi da man kaɗe. Yana yi yana ɗaga murya ta taga, "Bawana, kana ji? Gadon sarautar ragwaye nake ma!" Daga ciki sai ka ji gurnani. Rannan Inna ta fito da kwanon tuwo daga ɗakin, na leƙa na ga an ci fiye da rabi.

Da aka gama ba ta yi kama da ta hakimi ba ko kaɗan. Fara-fara ce, hannu ɗaya baƙi, ɗaya ɓarin ya fi ɗaya tsawo, ga baƙaƙen takalma a ƙasa. In ka gan ta ba kowa a kai sai ka ce kuskure aka yi. Kawu ya kira Inna ya ce, "Matar bawana, taɓa mu gani." Ta ɗaga ta cak, ta aje, ta ja mayafi ta rufe baki.

Da hantsi ya kore mu duka daga cikin gida, ni da ƙannena, ya ce duk wanda ya miƙa hannu sai ya karya shi. Muka fito ƙofar gida muka tsaya cirko-cirko, maƙwabta suka fara taruwa nesa-nesa. Daga waje ba ma ganin komai, ji kawai muke. Ƙwas, an aje kujera. Sai jan ƙafa a ƙasa, shaaa. Sai shiru. Sai ƙwas kuma. Wani shirun ya yi tsawo har ƙanena ya yunƙura zai shiga, Kawu ya tare ƙofa da gizago. Rana ta ɗaga sosai kafin mu ga ƙafafun kujerar sun leƙo bakin zaure, hannun Inna ya aje ta ya koma ciki. Sai ga hannun Baba ya kama baƙin iccen nan, jijiyoyi sun tashi. Sai ga shi, a tsaye, gumi ya jiƙa rigarsa sharkaf. Ya juya a kan ƙafa ɗaya ya zauna. Jikin ya tafi dama kamar yadda ya saba, iccen ya tare shi. Ya zauna daram.

Ba wanda ya yi motsi. Kawu ya ce, "Ku gaishe shi mana, kun tsaya kamar kun ga fatalwa." Aka fara matsowa ɗaya-ɗaya. Baba bai kula kowa ba. Idonsa na yawo, ya dubi hanya, ya dubi sama ta gabas inda gajimare ya fara haɗuwa, ya dubi rumbunmu na waje. Nan idon ya tsaya. Jinkar rumbun ta zame tun rani, dawa na leƙowa, ba wanda ya lura a cikinmu. Ya ɗaga hagu ya nuna ni.

"Kai. Ruwa... na zuwa. Kuna... tsaye."

Ban san lokacin da na samo tsani ba. Na hau, ƙanena na miƙo mani ciyawa da igiya. Daga can sama ina hango shi ƙasa cikin farar kujerarsa, mutane zagaye da shi, yana ta nuni da hannu, in na ja nan ya yi gurnani, in na ja can ya buga madafin. Kawu na gefe yana ƙara mashi wuta, yana cewa ai ɗan rago ba ya iya jinka. Na daɗe a sama, rana ta dake ni, hannuna duk ya yayyanke, ban taɓa jin daɗin zagi irin na ranar ba.

Ina ɗaure igiyar ƙarshe na ji muryar Inna daga cikin zaure, ba da ni take ba, da bango take kamar kullum.

"A gaya wa wancan na sama ya yi haƙuri sai an sake dama wata. Hurar tasa uban ya shanye."